Borrow da lend: a ina kowanne yake shiga?

Ɗalibar ajin ƙarshe a sakandare, Gwammaja:
Assalamu alaikum malamai da yayyena. Ina shirin WAEC, kuma borrow da lend suna rikita ni. A ajinmu kowa "borrow me your biro" yake cewa, amma da na rubuta haka sai malaminmu ya soke. Ina matsalar take? Don Allah ku ba ni hanyar da zan riƙe.

Malamin Turanci, Ƙofar Nasarawa:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Malaminku yana kan daidai. Ki dubi inda kayan ya nufa: in hannun mai yin aikin a jimlar zai shiga, borrow ne, in daga hannunsa zai fita, lend ne.

Hausa ma ta raba su. "Na ari littafi a wurin Malam" daban yake da "na ara wa Malam littafi". Na farko shi ne "I borrowed a book from Malam", na biyu "I lent Malam a book". Saboda haka kafin ki rubuta, faɗi jimlar da Hausa a zuciyarki. Kin ji "ara wa", "ara mini", "ara masa"? Sa lend. Kin ji "ari" ko "a wurin wane"? Sa borrow.

Inda ake faɗuwa shi ne ginin jimlar. Lend yana ɗaukar mutum da kaya a jere: "lend me your biro", ko a juya a sa to: "lend your biro to me". Borrow kuwa kaya ne ke biye da shi, mai kayan sai ya zo bayan from. Shi ya sa "borrow me" ba ta zauna ba. In kina son borrow ɗin, ki ce "may I borrow your biro?"

Malama mai koyar da darasin yamma, Gwale:
Ƙari a kan bayanin Malam, 'yata: ki kula da "aro mini". In aka ce "je ka aro mini tsani a maƙwabta", ba lend ba ne duk da akwai "mini", domin a wurin wani za a karɓo. Wannan "borrow a ladder for me" ne.

Sai kuma batun lokacin da ya wuce, wato past tense. Borrow yana karɓar -ed, ya zama borrowed. Lend ba ya karɓa: lent ne, ko a "she lent" ko a "she has lent". Babu lended a Turancin jarrabawa. A tambayoyin cike gurbi, fara duba abin da ke bayan gurbin kafin ki kalli zaɓin. From yana kiran borrow. Kalmar "to", ko mutum kai tsaye kamar "me" da "him", tana kiran lend.

Akawun wani shago, Kantin Kwari:
Ta fuskar kuɗi, ƙanwata, mu muna bambanta aro da rance: aro a mayar da abin da kansa, rance a mayar da kwatankwacinsa. Turanci bai yi wannan rabon ba, tabarma da naira dubu 50 duk borrow da lend ne. Banki shi ke lend, mai karɓa shi ke borrow, kuɗin kuma sunansa loan.

Amma kada ki kai su inda ba su zuwa. Ɗan kasuwar da ya ɗauki dilar atamfa bashi, sai ya sayar ya biya, "he bought it on credit" ake cewa, tunda ba atamfar zai dawo da ita ba. Shago ko rumfar da ake biya wa haya kuma rent ne.

Ɗalibar:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ke nan "my aunt lent me her sewing machine" daidai ne?

Malamin Turanci:
Daidai ne. Yanzu juya ta da borrow, ki fara da I, ki turo mu gani.