Me za mu kira "pollinator" da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman taimako. Bara na dasa lantana a tsakar gidanmu a Birnin Kebbi, gefen rijiya. Furen nan ne mai fitowa dunƙule-dunƙule, asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Dashe ɗaya ake yi masa ya yi ta shekaru, kamar lalle, kuma zafin Afrilu bai cika damunsa ba. A takardar da ke jikin ledar an rubuta wai yana jawo "pollinators". 'Yata ta tambaye ni ma'anar, na buɗe baki na rasa kalma.

2/ Abin da ake nufi dai mun san shi. Ku dubi kabewa: a jikin yaɗo ɗaya akwai fure namiji, akwai mace, ita macen za ka ga ɗan ƙulli a ƙarƙashinta. Da sassafe suke buɗewa, kafin azahar sun rufe. Garin da ke cikin namijin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. In ƙudan zuma bai shiga wannan ya dangwalo ya faɗa waccan ba, ƙullin sai ya yi rawaya ya faɗi. Bana da lantanar ta cika da fure, zuma da malam-buɗe-littafi suka mai da gidan kasuwa, kabewata ta kama 'ya'ya fiye da kullum.

3/ Wani malamin sakandare ya ce mini "mai barbara", tunda a aji barbarar fure suke cewa. Ban gamsu ba. Mai barbara bunsuru ne ko ingarma, shi ne uban. Zuma kuwa ba uban kowa ba ne, kaya kawai ya kai. Ban da haka, kalma ce da ba zan so in furta gaban surukata ba.

4/ "Manzon fure" ma an kawo. Wannan a bar shi, kalmar ta fi ƙarfin ƙwaro.

5/ "Dillalin fure" ya so ya tafi da ni. Dillali yana haɗa biyu ya karɓi la'adarsa, zuma ma ruwan zaƙin fure yake sha a bakin aikinsa. Matsalar, in ka faɗe shi a kasuwa, za a nuna maka rumfar mai sayar da furanni.

6/ Sai na kira kawuna a Argungu, manomin da bai taɓa zama a aji ba. Na yi ta kewaye-kewaye ina kwatanta masa garin fure, ya katse ni: "Yaro, mi kaka wahal da kanka? Wanga abu ai bununi na." Na ce, Kawu, ai bununi na gero da dawa ne. Ya ce to na kabewa ɗan wa ne? Na yi shiru. Gaskiya ne hatsi iska ce ta fi raba masa bununinsa, amma aikin garin ɗaya ne ko'ina.

7/ Saboda haka ga tawa: ɗan dakon bununi, jam'i 'yan dakon bununi. Ɗan dako ba shi ne mai kaya ba, ɗauka yake ya kai a biya shi. Kuma ta game kowa: zuma, malam-buɗe-littafi, tsuntsun sha-kauci, har jemage mai bin furen kuka da dare. Na san ta ɗan yi tsawo, wanda ke da gajeruwa ya kawo.

8/ Mai son dasa lantana ya kula, ganyenta guba ne ga tumaki da shanu, yana lalata hanta, kuma in ta samu sake cinye fili take yi. Tawa na kewaye ta da waya ina yawan datse ta. Jiya da safe na ji 'yar tawa tana hana ƙanenta fesa maganin sauro a wurin, wai zai kashe mana 'yan dako.