Muhawara: Wa ya fi cancanta ya yi sharhi a kan fim, masanin tarihi ko wanda ya shirya shi?

Malamin lise, Garwa:
Assalamu alaikum. Ra'ayin da nake so mu tattauna shi ne wannan: a cikin duk ƙarin da kamfanoni suke sakawa a faifan fim, wato talla, da hotunan bayan fage, da sassan da aka yanke, da hira da 'yan wasa, babu wanda ya kai sharhin masanin tarihin fim amfani, kuma sharhinsa ya fi na daraktan da ya shirya fim ɗin. Ga wanda bai saba da shi ba, ana ɗaukar muryar mutum ne yana bayani tun daga farkon fim har ƙarshensa, a ajiye ta a layin sauti na daban, sai mai kallo ya zaɓi ko ya ji asalin sautin ko ya ji bayanin. Kamfanin Criterion na Amurka ne ya fara wannan a 1984, lokacin da ya fitar da King Kong na 1933 a faifan LaserDisc, kuma wanda aka ba makirufo shi ne Ronald Haver, masanin tarihin fim. Abin ya zama ruwan dare bayan fitowar DVD a Japan a 1996 da Amurka a 1997, domin faifan yana iya ɗaukar layin sauti har takwas. Hujjata ita ce darakta yana tuna abin da yake so ya tuna, kuma da wuya ka ji ya buɗe baki ba tare da ya yabi abokan aikinsa ko ya kare kansa ba, alhali masani yana zuwa ne da takardu, da wasiƙu, da lissafin kuɗin da aka kashe, da rubutun labarin kafin a sauya shi. Mu da muka tashi muna karanta Risala tare da sharhinta bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Tsohon mai kunna majigi, Injamena:
Wa alaikumus salam. Malam, misalinka na ƙarshe shi ne ya rushe maka hujja. A littafi, matani yana nan daram, sharhi yana gefe ko ƙasa, kuma ɗalibi yana iya tsayawa ya koma baya yadda ya ga dama. A fim kuwa, kafin a ji muryar mai sharhi sai an danne sautin fim ɗin, watau sai an rage kiɗa da magana da shirun da darakta ya sa da gangan. Duk wanda ya kalli Daratt na Mahamat-Saleh Haroun, wanda ya samu kyauta ta musamman a bikin finafinai na Venis a 2006, ya san cewa rabin labarin a cikin shiru yake, tsakanin yaron da ya zo ɗaukar fansa da mai gidan burodin da ya kashe mahaifinsa. Idan ka ɗora wa wannan shirun muryar farfesa, me ya rage? Ba ni kaɗai nake ganin haka ba. Steven Spielberg ba ya yi wa finafinansa irin wannan sharhi, David Lynch ma ya ƙi yi, kuma babu wanda zai ce ba su san aikinsu ba.

Malamin lise, Garwa:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ai babu wanda ya ce a fara kallon fim da sharhi. Sharhi na kallo na biyu ne ko na uku, kuma asalin sautin yana nan a faifan, ba a taɓa shi ba. Ƙin da waɗancan daraktoci suka yi ma ya fi kusa da goyon bayana, domin sun gane cewa bayanin mai aiki a kan aikinsa yakan rufe wa mai kallo ƙofa, tunda idan mai fim ya ce ga abin da yake nufi, wa zai ja da shi? Masani kuwa ana iya musanta shi.

Ɗalibar jami'a, Ngaundare:
Malam da Baba, ina neman afuwa zan shiga tsakaninku. A ganina tambayar da ta fi muhimmanci ba ita ce masani ko darakta ba, ita ce masanin ina, kuma da wane harshe yake magana. Mafi yawan finafinan Afirka da suka samu irin wannan gata, a Turai da Amurka aka gyara su, a can aka buga faifansu, kuma masu saye na can aka yi wa bayanin. Ku duba Muna Moto na Jean-Pierre Dikongué Pipa, fim ɗin ƙasarmu Kamaru na 1975 wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1976. Shirin adana finafinan duniya na Martin Scorsese ne ya gyara shi, Criterion kuma ya fitar da shi a 2022 cikin wani kundi tare da finafinan wasu ƙasashe. Wannan aikin alheri ne, ba na musu, amma mutum nawa ne a Marwa ko Garwa suka taɓa riƙe wannan kundin a hannunsu? Fim ne a kan sadaki da yadda rashin kuɗi yake raba masoya, batun da kowace uwa a unguwarmu za ta iya yi maka bayaninsa ba tare da ta duba takarda ba. An daɗe da sanin abin da darakta Ousmane Sembène ɗan Senegal ya faɗa wa Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi finafinai a kan 'yan Afirka, cewa irinsu suna kallonmu kamar ƙwari. Tsorona shi ne sharhin masani ya zama wannan kallon, sai dai a wannan karon da murya.

Malamin lise, Garwa:
'Yata, kin kawo magana mai nauyi, amma akwai amsa a cikin faifan Sembène ɗin kansa. Da Criterion ya fitar da La Noire de... na 1966 a shekarar 2017, masanan da aka yi hira da su su ne Samba Gadjigo ɗan Senegal, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Sembène, da Manthia Diawara ɗan Mali, kuma an haɗa da gajeren fim ɗinsa Borom Sarret na 1963. Ke nan matsalar da kika nuna ba ta shafi asalin aikin ba, ta shafi wanda ake zaɓa ya yi shi. Idan muna da masana kuma ba mu ba su makirufo ba, laifin namu ne.

Mai shagon tura finafinai, Kusiri:
Yaya Malam, da girmamawa, kuna muhawara a kan kasuwar da ta riga ta watse. Ni da nake wannan sana'a na ga zamanin kaset, na ga na VCD wanda fim ɗaya yake zuwa a faifai biyu saboda faifan bai wuce minti 80 ba, na ga na DVD, yanzu kuma ba abin da mutane suke kawowa sai waya da katin memori. Idan aka matse fim don ya shiga waya, abu na farko da ake zubarwa shi ne duk wani ƙari, a bar hoto da layin sauti ɗaya. A can inda aka ƙirƙiro abin ma haka yake tafiya, domin Netflix ya daina aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya a watan Satumba na 2023. Kuma ko a lokacin da faifai yake tashe, ƙarin da ke cikin faifan finafinan Kano bai wuce tallan finafinai masu zuwa da waƙoƙi ba. Sharhin da mutanenmu suke biya su ji shi ne na masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, waɗanda suke fassara suna ƙara barkwanci, kuma wannan don nishaɗi ake sayensa, ba don ilimi ba.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, Marwa:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ina ganin Malam ya yi daidai a rabi, ya kuskure a rabi. Masanin da yake yabo, ƙarfinsa daga taskar takardu yake. Lokacin da Pauline Kael, mai nazarin finafinai 'yar Amurka, ta rubuta a 1971 cewa kusan duk labarin fim ɗin Citizen Kane aikin marubuci Herman Mankiewicz ne ba na daraktansa Orson Welles ba, abin da ya warware rigimar shi ne wani masani, Robert Carringer, ya bi kwafe-kwafen rubutun labarin ɗaya bayan ɗaya ya nuna hannun Welles a ciki. Ya iya yin haka ne domin an ajiye takardun. To, a wajenmu ina taskar take? Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin farkon finafinan bidiyo na Hausa a Kano, ya fito a 1990, kuma finafinan shekarun da suka biyo baya da yawansu an ɗauke su ne da ɗan taƙaitaccen rubutu, 'yan wasa suna ƙirƙirar magana a gaban kyamara. Abin da ya faru a wajen ɗaukar su ba ya cikin fayil, yana cikin kawunan mutane, kuma mutanen suna tafiya. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamban 2014, Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Allah ya jiƙansu, kuma duk abin da ba a tambaye su ba ya tafi tare da su.

Saboda haka a halin da muke ciki, masani ba zai iya zama shi kaɗai a gaban makirufo ba, domin ba shi da abin da zai karanto. Aikinsa shi ne ya zaunar da darakta, da mai ɗaukar hoto, da mai kiɗan fiyano, da jarumar da ta yi aure ta bar harkar, ya kunna musu fim ɗin, ya riƙa yi musu tambaya, kuma idan maganar wannan ta saɓa wa ta wancan ya nuna musu a nan take. Muna da waɗanda za su iya. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana rubutu a kan finafinan Hausa, kuma mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, tsofaffin kwafenta kaɗai sun isa a kama mai ƙarin gishiri.

Tsohon mai kunna majigi, Injamena:
Hajiya, wannan na yarda da shi, domin abin da kika bayyana hira ce, kuma ban taɓa ƙin hira ba. A ɗauke ta daban, a ajiye ta daban, wanda yake so ya nema. Abin da har yanzu ban amince da shi ba shi ne a shimfiɗa ta a kan fim. Kuma ina ƙara tuna muku cewa yaran da ake so a yi wa sharhin, yawancinsu ba su taɓa ganin fim a babban allo ba. A Kamaru gidajen silima uku na ƙarshe na wancan zamani, Abbia a Yawunde da Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, an rufe su a 2009. A nan Injamena sai a 2011 aka sake buɗe Normandie, bayan Haroun ya samu kyauta a bikin finafinai na Kan da ke Faransa a 2010. A fara nuna musu fim ɗin yadda aka shirya shi tukuna.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar rediyo, Marwa:
Alhaji, akwai dalilin da ya sa nake so a yi hirar fim yana tafiya. Na yi aikin tambayar tsofaffi, kuma idan ka ce wa mutum ya ba ka labarin abin da ya faru shekara talatin da suka wuce, labarin da ya saba bayarwa zai maimaita maka. Amma idan ya ga hoton yana motsi a gabansa, sai ka ji ya ce ai wannan gidan na wane ne, wannan rigar aro ce, a wannan fitowar wutar lantarki ta ɗauke sai da muka jira washegari. Hoton ne yake tono abin da tambaya ba ta kai gare shi ba. Rouch ɗin da 'yarmu ta ambata ma ya yi amfani da wannan dabara a Moi, un noir na 1958, inda ya nuna wa Oumarou Ganda ɗan Nijar hotunan da aka ɗauka, shi kuma ya riƙa magana a kansu, kuma daga baya Ganda ya zama darakta mai zaman kansa.

Ɗalibar jami'a, Ngaundare:
Idan haka ne, Mama, fim ɗin da ya fi cancanta a fara da shi a ganina shi ne Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ciro daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ba a ganinsa, sai da cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Fim ne da Hausa, a kan bauta da hanyar Sahara, tarihin da ya ratsa yankin Tafkin Chadi da muke zaune a ciki. Idan za a yi masa sharhi, da Hausa ya kamata a yi, kuma a nemi duk wanda ya rage cikin waɗanda suka yi aikin.

Malamin lise, Garwa:
Na karɓi sharaɗin Hajiya a kan finafinanmu, amma ban janye maganata a kan sauran ba. Inda takardu suke, masani ya fi darakta, kuma ko a tsarin da ta kawo, wanda yake riƙe da tambayoyin, yake kuma tantance amsoshin, masani ne. Abin da ya rage shi ne matsalar da ƙanenmu na Kusiri ya kawo, wato ta yaya sharhin zai isa ga mai waya.

Mai shagon tura finafinai, Kusiri:
Ta fannin na'ura babu wuya, Yaya. Fayil irin MKV yana ɗaukar layin sauti fiye da ɗaya, manhajar VLC kuma tana ba mai kallo damar sauyawa, sannan murya kaɗai ba ta cin wuri idan aka kwatanta da hoto. Wanda wayarsa ba ta iya wannan, sai a yi masa kwafi biyu, ɗaya da asalin sauti, ɗaya da sharhi. Wahalar tana wajen izini, domin ba za ka ɗora murya a kan fim ɗin mutum ka rarraba ba tare da yardar mai shi ba, kuma tsofaffin finafinan Kano da yawa furodusa ya sayar wa ɗan kasuwa haƙƙinsu tun a wancan lokaci. Kafin a nemo farfesa, sai an fara gano wanda yake riƙe da asalin kaset ɗin da kuma wanda zai sa hannu.