Musayar Waƙa: Wa Ke Tsaron Dukiyar Ƙasa?

Mai buɗe fage:

Ina da tambaya gare ku, 'yan'uwana masu son gaskiya.
Tun taron Stockholm na 1972 ake zama kan lafiyar duniya,
Aka je Rio a 1992, a 2015 aka ƙulla ta Paris, babbar yarjejeniya,
Amma daji na ƙarewa, hamada na matsowa, ruwa na janyewa a rijiya.
Shin kare muhalli aiki ne, ko taron manya ne da hayaniya?

Malama ta amsa:

Malam, ka leƙa zauren taro, ka mance da masu shan wuya.
A 1973 ƙauyawa suka rungume itatuwa a tsaunukan Indiya,
Har mai gatari ya rasa ta inda zai sari bishiya.
Wangari Maathai ta tara matan karkara a 1977 a Kenya,
Kowace ta reni dashe, ta dasa, ta ba shi ruwa, in ya rayu ta sami moriya;
An doke ta, an tsare ta, lambar Nobel ta 2004 ta zo ne daga baya.
Chico Mendes, mai tatsar roba, ya tare wa masu share dajin Amazon hanya,
Aka harbe shi a 1988 a gidansa, ba tsoron Allah, ba kunya.
Ken Saro-Wiwa ya yi kukan malalar mai a ƙasar Ogoni ta Najeriya,
Gwamnatin soja ta rataye shi a 1995, bai kuwa ja da baya.

Mai buɗe fage:

Na sallama miki wannan, Malama, sai dai wa zai biya?
Ƙasashe masu arziki sun ƙona kwal ƙarni biyu, suka tara dukiya,
A Copenhagen a 2009 suka ce ba ƙasashe matalauta dala biliyan 100 duk shekara za su iya,
Wa'adin 2020 ya zo ya wuce, alkawari bai cika gaba ɗaya.
To, me za a ce wa matar da ke saran icce don ta ɗora tukunya?

Dattijo ya sa baki:

Ku saurara, 'ya'yana, ni na ga takardar da ba ta zama ƙarya.
A Montreal a 1987 aka amince a daina iskar firji mai cin rufin ozon da ke tare mugun hasken rana a samaniya,
Ƙasashe duka suka sa hannu, ga rufin yanzu yana samun lafiya.
Abin ya yiwu ne don an samo madadi, aka kafa asusu, matalauta suka sauya.

Malama ta ƙara:

Baba, madadin muke nema wa mai iccen nan, murhun da za ta iya saya.
An amince da asusun biyan asara da ɓarnar sauyin yanayi a Masar a 2022, mun ji, mun yi godiya,
Saura mu ga kuɗin sun bar ofis, sun isa hannun masu dashen bishiya.