Orer, fantastik, aksiyon: me za mu kira su da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa. Yaranmu na Yamai idan suka fito daga sinima, ko suka kwaso fim a waya suka zauna fada, labarin da Hausa ake ba da shi, amma da an zo faɗin irin fim ɗin sai ka ji kalmomin Faransanci: orer, fantastik, aksiyon. Tun da aka buɗe gidan sinima na Canal Olympia a unguwar Hippodrome a 2017 kalmomin nan sun ƙara kama baki, tunda da Faransanci ake nuna yawancin finafinan. Ga abin da nake gani, ku gyara mini.

Aksiyon ba ta da wuya. Fim ɗin faɗa muka taso muna cewa tun zamanin karate da kaboyi, akta ya bi shugaban ƴan daba har ya gama da shi. Sai dai na yau ba naushi kaɗai ba ne, akwai tseren mota, da tsalle daga jirgi, da bam. Shi ya sa na fi son fim ɗin gumurzu, ya ɗauke su duka.

Orer kuma, wani malami ya rubuto mini cewa ban tsoro ya wadatar, kada a wahalar da mutane. Malam, Allah ya ƙara sani, ban ƙi ta taka ba, amma fim ɗin yaƙi ma yana da ban tsoro. Wanda muke magana a kai an shirya shi ne musamman don gabanka ya faɗi: a yi tsit, kiɗa ya yi ƙasa, ƙofa ta buɗe da kanta, sai ka ga na kusa da kai ya zabura ya riƙe kujera. Wannan firgici ne. Fim ɗin firgici.

A nan ne nake roƙon masu ba da labarin fim su yi hattara. Da fim ɗin Sinners ya fito a 2025, wanda Ryan Coogler ya shirya, Michael B. Jordan ya fito a tagwaye a jihar Misisipi ta Amurka a 1932, na ji samari suna cewa fim ɗin mayu ne. A'a. Halittun da ke cikin fim ɗin jini suke sha, ba sa jure rana, kuma ba sa iya ƙetare bakin ƙofa sai an ce musu su shigo. Maye a wurinmu kurwa ake cewa yana kamawa, kuma ba halittar fim ba ce, mutum ne mai gida da ƴaƴa ake jefa wa wannan suna. Tsofaffi nawa aka ƙaurace wa a ƙauyuka saboda shi? Kada mu ƙara wa kalmar nan kaifi saboda nishaɗi. Masha-jini ya isa, kowa zai gane.

Fantastik ce ta fi ba mu aiki. Wata yayata daga Tawa ta ce gatana, tunda da ita aka raine mu, ga Gizo ga Ƙoƙi ga Dodo. Yaya, kin yi kusa. Matsalar, da ka ce fim ɗin gatana ko tatsuniya, magidanci zai ɗauka na yara ne ya wuce, alhali wasu ma ba na idon yara ba ne. Ni almara na zaɓa: labarin wata duniya da aka ƙaga da sarakunanta, da takobin tsafi, da dodanni masu fukafukai masu aman wuta. Mai kallo ya san babu ita, ya yarda ya shiga. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Marigayi Moustapha Alassane, mai shirya finafinai ɗan Nijar, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015, tun farkon shekarun 1970 ya yi fim ɗin Toula, labarin fari da budurwar da aka sadaukar wa mai ruwa don a samu damina.

Wani ƙanena ya tambaya: to fim ɗin da aljani ya shiga jikin yarinya fa, almara ne? Ƙanena, tambayarka ta yi kyau. Bahaushe ba zai kira aljani almara ba, don ya yi imani akwai su, Alƙur'ani ya ambace su, sura guda ma da sunansu. Faransanci yana iya zuba su tukunya ɗaya, mu ba za mu iya ba. Irin wannan a sa shi cikin firgici, ko a ce fim ɗin aljannu kai tsaye.

Masu aikin rediyo da masu tura fim a waya, ku ne kuke kusa da kunnen jama'a, ku gwada gumurzu da firgici da almara mu ji ko za su zauna. Mutanen Maraɗi da Damagaram, idan kuna da wata kalmar da ta riga ta shiga baki a can, ku kawo ta.