Toshewar hanci da ta ƙi magani: sai an yi aiki?

Maman Abba: Assalamu alaikum. Yayana ya daɗe hancinsa a toshe, da baki yake numfashi idan yana barci. Likita ya ce naman gefen hanci da ake kira tabinet ne ya kumbura, sai an rage shi. Aikin yana da haɗari? Naman zai dawo?

Baban Yusra: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar aiki, a duba ko yana ɗiga maganin buɗe hanci irin Otrivin kullum. Irin wannan maganin idan ya wuce kwana 5, shi kansa kumbura naman yake. Ya daina, ya koma feshin sitirod irin fluticasone kullum na wata 2 zuwa 3, yana wanke hanci da ruwan gishiri. A kuma leƙa da kyamara, don idan shamakin da ya raba ƙofofin hanci ya karkace, rage naman kaɗai ba zai wadatar ba.

Nas Talatu: Aikin iri-iri ne. Mai sauƙi, a kashe wurin da allura, a soka siririn ƙarfe mai zafi ƙarƙashin fatar, naman ya tsuke a hankali. Kusan minti 20, ya koma gida ranar. Idan ƙashin cikin naman ne ya yi girma, a sa mutum barci, a rage daga ciki a bar fatar, wani lokaci a ɗan tura ƙashin zuwa gefe. Kada ya yarda a yanke naman duka. Shi ke ɗumama iska yana jiƙa ta. Idan babu shi, hanci ya bushe, ya yi ɓawo, mutum ya riƙa jin a toshe yake alhali a buɗe yake, kuma gyaran wannan akwai wuya.

Malam Sale: Bayan aiki toshewar takan ƙaru mako 1 zuwa 2, sauƙi sai mako 3 zuwa 6. Ban da fyace majina da ɗaukar kaya mai nauyi a makon farko, ban da asfirin, a alwala ma ya shaƙa ruwa a hankali. Jini na iya ɓallewa wajen kwana 7 zuwa 10 idan ɓawon ya faɗi. In ya ƙi tsayawa, asibiti. Ruwan wankin: rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce. Naman yakan sake kumbura bayan shekaru idan alajin ƙura ne aka bari, don haka ya riƙe feshinsa da takunkumi lokacin hunturu.