Sunan Yedidiya ga ɗa namiji: a sa ko a nemi wani?

Ɗan Wusasa: Salama gare ku, 'yan zaure. Allah ya sauki maiɗakina lafiya daren Talata, mun samu ɗa namiji. Shawara nake nema kafin ranar suna. Akwai wani suna na Ibraniyanci da ya tsaya mini a rai, Yedidiya. Wasunku sun san mun rasa na farko shekara biyu da suka wuce, kwanansa biyar a duniya. Wanda ya san ma'anar sunan da asalinsa ya taimaka, wanda kuma yake da wani da ya fi shi ya kawo.

Maman Alheri: Kai, barka da arziki, angon ƙarni! Allah ya raya mana shi. Ya mai jego? A dage da kunu da ruwan zafi. Amma ƙanena, ni kunnena sunan mace ya ji. Safiya, Sadiya, Hadiya, Yedidiya. Ka dai duba.

Ɗanladi na Jos: Yaya, to Iliya fa? Zakariya da Irmiya mata ne?

Maman Alheri: Waɗannan mun tashi da su, kunne ya saba. Wannan baƙo ne.

Baba Mai Bishara: Barka, ɗana. Tun da na ga abin da ka rubuta na gane inda ka dosa, kuma ka zaɓa da hankali. Sunan yana cikin 2 Sama'ila 12:25, sau ɗaya tak ya fito a dukan Littafi Mai Tsarki. Jaririn da Batsheba ta fara haifa wa Sarki Dawuda ya yi ciwo ya rasu a rana ta bakwai. Bayansa ta sake haihuwa, iyaye suka raɗa masa Sulemanu, sai aka aiko annabi Natan da suna na biyu, Yedidiya. Kashi biyu ne: yedid, wato ƙaunatacce, da Ya, gajeren sunan Ubangiji, wanda muke furtawa kullum a ƙarshen Halleluya. Ƙaunataccen Ubangiji ke nan.

Maman Alheri, 'yata, wannan "ya" ta ƙarshe ba irin ta Safiya ba ce. Ita ce dai ta Iliya da Ishaya da Zakariya, duk sunan Allah ne a wutsiyarsu. Na mace yana nan daban, Yedida, mahaifiyar Sarki Yosiya, a 2 Sarakuna 22:1. Abin da yake ba ni mamaki da sunan shi ne, daga wannan aya ba a sake kiran Sulemanu da shi ba, har ya yi sarautarsa ta shekara 40 ya gama. Kamar sunan da kaka take kiran jikanta da shi a ɗaka, waje ba a sani ba.

Malamin Larabci: Allah ya raya, maƙwabci, ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Baba, ku ba ni dama in ƙara kaɗan daga ɓangarenmu. Wannan yedid ɗin ɗan'uwan kalmar Larabci ne, tushen wadda, inda aka samo mawadda, ƙauna, da Al-Wadud, ɗaya daga sunayen Allah, wanda ya zo a Suratu Hud aya ta 90 da Suratul Buruj aya ta 14. Ƙa'ida ce sananniya tsakanin harsunan biyu: inda Balarabe ya fara kalma da wawun, Ba'ibrane yakan fara da ya. Walad da yeled, duka yaro. To ka ga mai suna Abdulwadud da mai suna Yedidiya daga rijiya ɗaya aka ɗebo musu, ko da yake ma'anar ba ta zo daidai ba: ɗaya bawan Mai Ƙauna ne, ɗaya wanda ake ƙauna. In kana son wanda ya fi kusa da shi a bakinmu, Habibu ne, ko Habibullahi.

Ɗan Wusasa: Malam, wallahi ban taɓa sanin wannan ba. Na gode ƙwarai.

Gwaggo Ladi: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ku saurare ni. A da, in mace tana wabi, ba a zuwa nesa neman suna. Abarshi ake sa wa yaro, ko Ajuji, ko Ayashe, don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Kai kuma ka zo za ka yi shela cewa ƙaunatacce ne. Ban ce kada ka sa ba, zamani ya canza kuma bangaskiya ta fi camfi. Abin da zan ce, kafin ka tsayar, je ka faɗa wa mahaifiyarka sunan sau ɗaya, ka bar ta, gobe ka ce ta maimaita. Abin da ya fito daga bakinta, shi yaron zai amsa har ya yi furfura. Jikan ƙawata Zerubabel aka sa masa, yau shekararsa 19, duk unguwa Babale suke ce masa.

Ɗanladi na Jos: Gwaggo, kun gama magana! Mu ma muna da wani Nehemiya a layinmu da ya koma Miya.

Yaya ta Amurka: Barka, ƙanena, sai yanzu na tashi na ga saƙo. Kan batun yaɗuwarsa, a nan da J suke rubuta shi, Jedidiah ko Jedediah, suna gajarta shi Jed. Tsohon suna ne a wurinsu. Kiristocin nan masu tsauri da suka baro Ingila a ƙarni na 17 suka zauna a arewa maso gabashin ƙasar sun fi son sunayen Tsohon Alkawari, har da waɗanda ba kowa ya sani ba. Daga zuriyarsu aka samu Jedidiah Morse, fasto mai rubuta littattafan labarin ƙasa, wanda aka haifa a 1761, mahaifin Samuel Morse na wayar tangaraho. Akwai kuma Jedediah Smith, maharbi mai ratsa dazuzzukan yamma, da aka kashe a 1831 yana da shekara 32. Yanzu kam jefi-jefi ake jin sa, galibi a gidajen masu riƙo da addini. Hukumar da take ba da lambar fansho a nan tana fitar da jerin sunaye 1,000 da aka fi sa wa jarirai kowace shekara, lissafin ya koma har 1880, kyauta ne a intanet. Ka duba da kanka, bai taɓa shiga ɗarin farko ba. A Isra'ila ma yana nan, Yedidya suke cewa, an fi samun sa wurin masu addini.

Ni shawarata, ka rubuta shi da Y. Harafin farko a Ibraniyanci yod ne, kuma ko fassarar Turanci ta Sarki James da aka buga a 1611 da I ta rubuta shi, daga baya J ta shigo. Namu na Hausa ya fi kusa da asali.

Uwar Biyu: Ni a nan zan tsaya, don na sha wuya. Ko Y ko J, ka zaɓi ɗaya ka riƙe ta da hannu biyu. Ɗana Yohanna muka rubuta a takardar haihuwa, a firamare wani malami ya mayar da shi John, mu kuma muka yi sakaci ba mu gyara ba. Da ya zo shiga jami'a sunaye suka ƙi haɗuwa, sai da muka yi rantsuwa a kotu, muka buga a jarida, wata uku muna safa da marwa. Wannan fa Yohanna ne da kowa ya sani. Ina ga suna mai rubutu kala huɗu? Ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a takarda, ka miƙa wa duk wanda zai cike fom, kada ka yarda a rubuta da ka.

Ɗanladi na Jos: Tunda an ce a kawo wasu, ga nawa. Bezalel, gwanin sana'ar da ya ƙera kayan alfarwa a Fitowa 31, ma'anarsa "cikin inuwar Allah". Har makarantar zane ta Urushalima da aka kafa a 1906 sunansa take amsawa. Kai da kake kafinta, ai ya dace da gidanka. Akwai Itiyel a Karin Magana 30:1, "Allah yana tare da ni", gajere ne, ba ya karya harshe. Yabez ma yana da daɗin faɗa.

Baba Mai Bishara: Bezalel da Itiyel na yarda. Yabez kuwa, ɗana, koma ka karanta 1 Tarihi 4:9. Uwarsa ta sa masa sunan ne don ta ce da wahala ta haife shi. Mutumin kirki ne, addu'arsa ta karɓu, amma sunan kansa na azaba ne. Wannan ita ce matsalar ɗaukar suna don zaƙinsa a kunne. Na taɓa hana wani sa wa ɗansa Ikabod, ya ce ya ji shi da nauyi kamar na manya. Na buɗe masa 1 Sama'ila 4:21, "daraja ta rabu da Isra'ila", ranar da aka ƙwace akwatin alkawari aka haifi yaron, uwar kuma ta mutu a wurin haihuwa. Rahila ma da za ta cika ta ce Ben-oni, ɗan baƙin cikina, Yakubu bai bari ba, ya mayar da shi Biliyaminu. Duk sunan da za ku ɗauka, ku karanta surar gaba ɗaya, kada ku tsaya kan ayar kawai.

Maman Alheri: To Baba, na janye rabi. Amma a haɗa masa da na Hausa mana. Muna da Nagode, muna da Dogara, muna da Albarka. Su ba sai an yi wa kowa fassara ba. Kuma daren Talata ka ce? In bayan magariba ne, Laraba ta shiga a lissafin tsofaffi, Bala ke nan ko kana so ko ba ka so.

Ɗan Wusasa: Ƙarfe 11 na dare ne, Yaya, ashe Bala ne. Na bi shawarar Gwaggo, jiya na faɗa wa Inna, yau da safe na tambaye ta. Ta yi shiru, ta ce "Yadidi". Na ce da saura, ta ce ita nan ta tsaya, sauran na masu boko ne. Maiɗakina ta ji ta yi dariya har da hawaye, ta ce a bar shi haka. Mun tsaya kan Yedidiya Dogara, da Y, na riga na rubuta a takarda na sa a aljihu kamar yadda Uwar Biyu ta ce. Suna ranar Laraba da ƙarfe 7 na safe a gida. Malam, kai ma muna jiranka.

Malamin Larabci: In Allah ya yarda da ni za a yi. Goro na wuyana.

Gwaggo Ladi: Yadidi ma ya yi. A aiko yaro ya ɗauki babbar tukunyata ranar Talata da yamma, ni ƙafata ba ta kai ni da kaya.