Ƙananan kifayen ado: guda nawa za a zuba, da wa za a haɗa su?

Tela, Garwa
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Ƙanena ya zo daga Yawunde da tsarabar kifayen ado cikin leda: niyon huɗu, ƙananan nan masu layin shuɗi mai ƙyalli da ja wajen wutsiya, da sikalar biyu masu faɗin jiki kamar tafin hannun yaro. Na sa mai gilashi ya haɗa min akwati, tsawo santimita 40, faɗi 25, zurfi 25, na ajiye shi a shago gefen keken ɗinki. Yau sati uku. Niyon ɗin ba sa fitowa, kullum suna maƙale bayan dutse, launinsu ya dushe. Jiya da safe na ƙirga na tarar da uku, babu gawa, babu alamar komai. Yaron shagona ya rantse bai sa hannu ba. Akwatin ne ya yi kaɗan, ko haɗin ne bai yi ba?

Malamar makaranta, Ngaundere
Wa alaikumus salam. Malam, ka nemi gafarar yaron nan, na huɗun yana cikin tumbin sikalar. Niyon ba ya wuce santimita 4, sikalar kuwa yakan kai 15, kuma a wurin kifi duk abin da ya shige baki abinci ne. Dukkansu 'yan kogunan Amazon ne a Kudancin Amurka, amma zama 'yan gari ɗaya bai hana babba cin ƙarami ba.

Ga lissafin akwatinka, tunda aikina ne: 40 sau 25 sau 25, a raba da 1,000, lita 25 ke nan, kafin a cire wurin yashi da dutse. Sikalar ɗaya ma ba zai zauna a nan ba idan ya girma, don tsayinsa da fukafukai ya fi tsawonsa, ruwa mai zurfi yake so.

Maganar ɓuya kuma, na sha ta. Da biyar na fara, su ma haka suka yi ta laɓewa, har na ɗauka ciwo ne. Ashe tsoro ne. Kifin garke ne, idan ya waiga bai ga 'yan'uwansa da yawa ba sai ya ɗauka an cinye su, saura shi. Ranar da na cika su goma sha biyu cikin akwati mai santimita 60 a 30 a 30, wato lita 54, kafin la'asar sun fito tsakiya suna juyawa tare kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Masu kiwo suna cewa kada a gaza shida, ni dai a idona shida ma maneji ne. A ƙasa na sa musu koridoras shida, masu gajeren gashin baki, suna tsince abin da ya faɗi. Su ma 'yan garke ne, kuma yashi mai laushi suke so, tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. Shekara biyu ke nan ban ga an cije wani ba.

Mai gyaran waya, Kusiri
Malama, gaskiya kika faɗa, amma kin manta a kan tudu kike. Ngaundere ta haura mita 1,000, ku har bargo kuke rufa. Shi wannan bawan Allah a Garwa yake, inda zafi ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu. Niyon ruwan digiri 20 zuwa 26 yake so. Na zuba goma da hunturu, suka yi kyau har maƙwabta na shigowa kallo. Da bazara ta kama, ma'aunin zafin da na manna a gilashi ya nuna 32, sai na ga sun taru a sama suna haki. Ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Aka ɗauke wuta dare guda, injin kumfa mai hura iska cikin ruwan ya tsaya, da asuba na kwashe bakwai.

Yanzu rasbora arlekan nake riƙewa, masu baƙin tabo mai kusurwa uku a gefe. Asalinsu Maleshiya da Tailan da Sumatra, suna ɗaukar har digiri 28. Su ma ba ƙarfe ba ne, sai da dabara. Na ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana sauke digiri biyu zuwa uku, sai dai ruwa na ƙafewa da sauri, kullum sai na ƙara. Na kuma sayi injin kumfa mai batir. Wani abu da na lura: ƙaramin akwati kamar butar shayi yake, nan da nan ya ɗau zafi. Na koma mai lita 112, tsawo 80, faɗi 35, zurfi 40, kuma sai yamma ta yi sosai ruwan ke fara ɗumi. Malam Tela, ka ɗauke akwatinka daga inda rana ke bugawa, kuma nesa da dutsen guga, tunda shagon ɗinki ne.

Alhaji, Marwa
Yarana, ga tawa. Jikana ya sa na sayi barbus na Sumatra uku, masu baƙaƙen layuka huɗu, muka haɗa da kombatan ja mai wutsiya kamar babbar riga. Kwana huɗu suka mayar da rigar tsumma. Aka ce min in ƙara yawansu, na cika su tara, sai suka koma korar junansu suka bar sauran. Amma kombatan na ware shi, yana zaune shi kaɗai, wutsiyar ta sake tofowa. Kifi mai doguwar wutsiya kada ya kwana da barbus, har da gupi, ƙananan nan masu wutsiya launi-launi.

Ɗalibi, Garwa
Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji. Ni abin kunya na yi. Na je bakin Binuwai, masunta suka ba ni 'ya'yan karfasa biyu da ɗan tarwaɗa kamar yatsa, na ce ai duk kifi kifi ne, na zuba su cikin gupina. Karfasa suka tone yashi, suka tuge ciyawar da na dasa. Tarwaɗa da rana kamar waliyyi, da dare yake aiki. Gupi na haihuwa kusan duk wata, amma ban ƙara ganin ɗa ko ɗaya ba, daga baya iyayen ma suka fara raguwa. Ƙarshenta Inna ta ce in ba ta tarwaɗar in ta ƙara girma.

Ma'aikaciyar jinya, Injamena
Yaya Tela, kada ka dubi lita kawai, ka dubi tsawo. Na taɓa sa daniyo shida, masu layi-layi 'yan Indiya, cikin wani dogon tulun gilashi da ya ci lita 30. Kyau kam ya yi a falo, amma kifin nan gudu yake daga bango zuwa bango, ba hawa da sauka ba, kuma iska ta saman ruwa take shiga, tulun kuwa bakinsa ƙarami. Biyu suka yi tsalle suka faɗo ƙasa. Sai ka yi murfi, ko na raga ne.

Kuma in ka samu sabon akwati kada ka juye garken duka rana ɗaya. Kashin kifi yana zama guba a ruwa, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke warware gubar a cikin soson matata suke zama, wato injin da ke tace ruwan akwati, kuma sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Ka mayar da tsohon sosonka cikin sabon akwatin, kada ka wanke shi da ruwan famfo, sinadarin kulorin zai kashe su. Ni nakan tari ruwa a bokiti ya kwana, in canza kashi ɗaya cikin huɗu duk Juma'a.

Tela, Garwa
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaron na ba shi haƙuri, har da kuɗin shayi. Sikalar biyun wani abokin cinikina mai babban akwati ya karɓa, kuma tun daren nan niyon ukun suka fara leƙowa. Mai gilashi ya auna min na santimita 80, zai kawo ranar Talata. Rasbora goma zan sa ƙanena ya taho da su, kashi biyu, ba rana ɗaya ba. Malama, in akwai mai hawowa Ngaundere kafin Maris, za ki karɓi ukun nan ki haɗa da naki?

Malamar makaranta, Ngaundere
Kawo su, Malam. A sa su a leda biyu, ruwa kashi ɗaya, iska kashi biyu, a naɗe da tawul cikin kula, kuma a biyo motar asuba. Kada ka ba su abinci ranar jajibirin tafiya.